Mutuwar Fuju'ar Injin Mota: Laifin Masana'anta Ne Ko Na Mai Mota?

LEGAS — Duk direban da ya daɗe yana bin hanyar Legas zuwa Ibadan, ko ta Lakwaja zuwa Abuja, ya saba cin karo da mota lafiyayya a ido, fenti na sheƙi, tayoyi sababbi, an ajiye ta a gefen titi an ɗaga bonet, mai ita na tsaye riƙe da ƙugu. In aka tambaye shi abin da ya faru, labarin kusan ɗaya ne. Yana cikin tafiya wata 'yar jar fitila mai siffar buta ta kama a gabansa, kafin ya sami wurin tsayawa sai ya ji ƙara kamar ana buga guduma a cikin tukunya, daga nan inji ya ɗauke. Makanikai kan ce inji ya yi nokin, ko kuma ya buga. A mafi yawan lokuta maganar gyara ta ƙare ke nan, sai dai a nufi kasuwar Ladipo ta Legas, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, neman wani injin.

Yawan aukuwar haka ya sa a kasuwannin motoci ake yi wa wasu injuna tambari da cewa da wannan lalura aka ƙera su, har farashinsu ya faɗi, wasu kuma a riƙa rantsuwa a kansu cewa ba su san mutuwa ba. Tambayar da ke gaban mai saye ita ce, shin da gaske akwai injin da matsin mansa ke yankewa farat ɗaya ba tare da wata alama ba, ko kuwa sakaci ne na masu motoci ake ɗora wa masana'anta? Amsar ta shafi aljihu ƙwarai, domin a ƙasar da akasarin motocin da ke kan titi na hannu ne da aka shigo da su daga waje, mota ita ce jari mafi girma da iyali ke da shi bayan gida, ga direban haya kuwa ita ce gonarsa.

Kafin a kai ga amsa, ya kamata a san abin da ake nufi da matsin mai, wanda makanikai ke kira furesha. A ƙasan kowane inji akwai kasko inda man juye ke taruwa, lita huɗu zuwa shida a yawancin ƙananan motoci. Famfo ne ke zuƙo man ta wani bututu mai rariya a bakinsa, ya tura shi ta cikin filta, sa'an nan ya bi ta wasu ƙananan hanyoyi da aka huda a jikin injin har ya isa duk inda ƙarfe ke juyawa a kan ƙarfe. Wuri mafi hatsari shi ne tsakanin karanshaf da 'yan ɓawon ƙarfen da yake kwance a kansu, waɗanda ake kira metal. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce kaurin silin gashi ba, kuma man da famfo ke cusawa cikin wannan 'yar tazara shi kaɗai ke hana su haɗuwa. Motar da ke gudu a babbar hanya injinta na juyawa kamar sau 3,000 a minti ɗaya, wato sau 50 a kowace daƙiƙa. Idan man ya yanke a irin wannan gudu, ba a ɗaukar wani lokaci kafin zafin gogayya ya narkar da metal, ya manne da karanshaf.

Abin lura na biyu shi ne ita kanta jar fitilar. Direbobi da dama sun ɗauka yawan man da ke cikin kasko take aunawa, alhali matsi take aunawa, kuma a makare take magana. A ma'aunin psi, wato wanda masu faci ke auna iskar taya da shi, lafiyayyen injin da ya ɗauki zafi yakan riƙe matsin 30 zuwa 60 idan ana gudu. Amma a akasarin motoci fitilar ba ta kamawa sai matsin ya faɗo ƙasa da 10, a wasu ma sai ya kusa 5. Ke nan injin da ya kamata ya ba da 45 yana iya shafe watanni yana ba da 15, yana cin kansa sannu a hankali, fitila kuwa ba ta ce uffan ba. Ta fi kama da mai shelar jana'iza fiye da likita. Waɗanda suka tuƙa tsofaffin Marsandi irin 200 da 230 za su tuna cewa akwai agogon matsin mai a gaban direba, allurarsa na hawa da sauka, kuma mai hankali kan gane ciwo tun yana ƙarami. Yawancin motocin da suka biyo baya an cire musu wannan agogo, an bar fitila kawai.

Daga nan za a fahimci cewa abin da ake kira mutuwar fuju'a iri biyu ne. Akwai injin da ya daɗe yana jinya, sanarwar ce kawai ta zo kwatsam. Akwai kuma wanda yake garau da safe, da la'asar wani ƙaramin abu ya tsinke a cikinsa ya tafi da man gaba ɗaya. Kamfani ɗaya, kuma wanda 'yan Nijeriya suka fi amincewa da shi, wato Toyota, ya ba da misalin kowane ɗayansu.

Misali na farko shi ne na laka. Idan man juye ya daɗe a cikin inji yana shan zafi, yana gauraya da hayaƙi da danshi da ragowar fetur, yakan dafe ya yi kauri, ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, ya manne a bangon inji. A ƙarshen shekarun 1990 masu motocin Toyota da Lexus a Amurka suka fara kokawa cewa injunansu na cika da wannan laka tun motocin ba su yi nisa ba. Injuna biyu abin ya shafa: 5S-FE mai silinda huɗu da lita 2.2, da 1MZ-FE mai silinda shida da lita 3.0, waɗanda ke cikin motocin ƙirar 1997 zuwa 2002. Jerin sunayen motocin tamkar an karanto shi ne daga wata tashar mota a Nijeriya: Camry, wadda 'yan kasuwa ke kira Pencil saboda siririyar fitilarta, da Avalon, da Highlander, da Lexus ES 300 da RX 300, sai kuma Sienna, wadda ta zama motar haya ta dogon zango a ƙasar nan.

Kamfanin ya tsaya a kan cewa laifin masu motocin ne da ba su yin juye a kan kari. Masu motocin, tare da makanikai masu zaman kansu da yawa, suka ce fasalin injin ne ke sa man ya yi zafi fiye da kima, kuma tururin da ke cikinsa ba ya samun mafita sosai. A shekarar 2002 Toyota ya aika wasiƙa ga masu motoci kimanin miliyan 3.3, kuma a watan Afrilun wannan shekara ya amince zai ɗauki nauyin gyaran duk injin da laka ta lalata har tsawon shekara takwas daga ranar da aka fara sayar da motar, komai nisan da ta yi, muddin mai ita ya nuna shaidar cewa yana kula da juye. Duk da haka sai da maganar ta kai kotu, inda a 2007 aka yi sulhu a jihar Louisiana a kan motoci kusan miliyan uku da rabi, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Idan aka duba da idon basira, kowane ɓangare na da rabonsa na gaskiya. Koke-koken da kamfanin ya ce ya samu a lokacin sun ɗan haura 3,000, wato kamar mota ɗaya cikin kowace 1,000, kuma wannan ba adadi ba ne da zai sa a ce injin banza ne. Shaida ma ita ce dubban waɗannan motoci da suka shafe shekaru suna jigila a nan ƙasar. Sai dai injuna ne marasa haƙuri da jinkirin juye. Littafin motar ya ba da mil 7,500, wato kimanin kilomita 12,000, tsakanin juye da juye, ko mil 5,000, kimanin kilomita 8,000, idan ana aiki da ita cikin ƙura ko cunkoso ko gajerun tafiye-tafiye. Jinkirin da wani injin zai shanye, wannan ba ya yafewa. Kuma abin da littafin ya kira yanayi mai tsanani shi ne rayuwar yau da kullum ta motar da ke kwana a gosulon Oshodi ko ke ratsa ƙurar hunturu.

Yadda laka ke kashe inji shi ya sa ake ɗaukarsa a matsayin fuju'a. Tana taruwa a kan rariyar bututun famfo har ta toshe fiye da rabinta. A cikin gari, inda gudu kaɗan ne, ɗan man da ke ratsawa ya isa, direba bai ga komai ba. Ranar da aka hau babbar hanya aka ɗauki awa biyu ana gudu, inji na neman mai da yawa, zafi ya ɓamɓaro guntayen laka daga bango suka faɗa kasko, famfo ya zuƙo su suka rufe sauran rariyar, shi ke nan. Abin takaici shi ne, wani lokaci neman gyara ne ke jawo ɓarnar. Makanikin da ya ga laka ya ɗura kananzir ko man dizil ya tayar da inji don ya wanke shi, ba tare da ya kwance kasko ya share rariya ba, ya tattara dattin shekara goma ne ya kai shi bakin famfo.

Misali na biyu shi ne na ainihin fuju'a, kuma babu ruwansa da sakacin kowa. Injin 2GR-FE mai silinda shida da lita 3.5, wanda masana ke yabawa da ƙarko, an ƙera shi da farko da wani bututu a wajensa da ke kai mai zuwa ga na'urar VVT-i, mai daidaita buɗewa da rufewar bawul. Bututun na ƙarfe ne, amma a tsakiyarsa an haɗa shi da guntun tiyo na roba da bai kai tsawon tafin hannu ba. Zafi da sinadaran da ke cikin tsohon mai sukan ci robar daga ciki har ta huje ko ta fashe. Da yake man da ke bi ta nan yana ƙarƙashin cikakken matsin famfo, lita shidan da ke cikin injin na iya tsiyayewa a kan kwalta cikin 'yan mintuna, direba na zaune cikin sanyin na'ura bai sani ba. A watan Maris na 2010 aka sami labarin cewa kamfanin zai sauya wannan tiyo kyauta a motoci sama da 900,000 a Amurka, waɗanda suka haɗa da Avalon, da RAV4, da Camry mai silinda shida, irin wadda ake kira Muscle a nan, da Lexus ES 350 da RX 350, duk ƙirar tsakanin 2005 zuwa 2010. Daga baya aka koma yin bututun da ƙarfe zalla.

Ga shi dai abu ne da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin inji, kuma aikin sauya shi ba ya cin yini. Amma motar da mai ita na farko bai kai ta an sauya ba, ta ƙetaro teku da robarta ta asali, wadda yanzu ta haura shekara goma sha biyar tana shan zafi.

Kamfanonin Koriya ta Kudu, Hyundai da Kia, sun fi kowa ɗanɗana kuɗarsu a wannan fage. A watan Satumban 2015 Hyundai ya yi kiranyen motocin Sonata 470,000 ƙirar 2011 da 2012, saboda ɓarɓashin ƙarfe da ya saura a cikin hanyoyin mai na karanshaf tun a masana'antarsa ta jihar Alabama, wanda ke tare man da ke zuwa ga metal. A 2017 kamfanonin biyu suka ƙara da motoci kusan miliyan 1.2 masu wannan inji da ake kira Theta II, ciki har da Santa Fe Sport da Optima da Sorento da Sportage. A watan Nuwamban 2020 hukumar kiyaye haɗurran manyan hanyoyi ta Amurka, NHTSA, ta ɗora musu hukuncin dala miliyan 210 saboda jan ƙafa wajen yin kiranyen, kuma a wannan shekarar suka ware kusan dala biliyan uku domin gyare-gyaren injuna. Injiniyan Hyundai da ya fallasa lamarin, Kim Gwang-ho, ya sami tukuicin dala miliyan 24 daga hukumar a 2021.

Amsar tambayar farko ke nan ta fito: lalle akwai injunan da aka ƙera da wani rauni da ke iya yanke mai ba zato, kuma masana'antun da kansu sun tabbatar da haka ta hanyar kuɗin da suka biya. Tambayar da ta fi shafar tattalin arzikin Nijeriya ita ce, wa ke biyan kuɗin idan motar ta baro ƙasar da aka yi mata alkawari?

Tun daga 1986, lokacin da shirin tsuke bakin aljihu na SAP ya karya darajar Naira, sabuwar mota daga masana'antar Peugeot ta Kaduna ko ta Volkswagen ta Legas ta fi ƙarfin ma'aikaci, jama'a suka koma ga tokunbo. Motar da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Tin Can takan zo da shekara goma ko fiye a kanta, bayan ta ratsa hannu biyu ko uku, da yawa kuma daga wuraren gwanjon motocin da suka yi haɗari, irin su Copart da IAA. Garantin shekara takwas da aka yi wa injunan laka ya ƙare tun wajen 2010. Shirye-shiryen gyara kyauta kuwa dillalan kamfani na can ƙasar ne ke aiwatar da su, kuma motar da kamfanin inshora ya riga ya rubuta ta a matsayin asara galibi garantinta ya faɗi. Ma'ana, raunin ya shigo jirgi tare da motar, alkawarin gyaran ya tsaya a gaɓa.

Masanin tattalin arziki George Akerlof ya yi bayanin irin wannan kasuwa a wata maƙala da ya wallafa a 1970, wadda ta kasance cikin ayyukan da suka kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 2001. Da kasuwar motocin hannu ma ya buga misali, inda Amurkawa ke kiran motar da ta zo da ɓoyayyen aibi lemon tsami. Hujjarsa ita ce, idan mai sayarwa ya san abin da mai saye bai sani ba, mai saye ba zai yarda ya biya kuɗin mota mai kyau ba, tunda ba shi da hanyar bambanta ta da mai aibi. Zai taya ne a kan tsaka-tsaki. Wanda ya kula da motarsa ba ya samun ladan kulawarsa, wanda ya yi sakaci kuma ba ya biyan tarar sakacinsa, a hankali sai masu aibi su mamaye kasuwa. Lafiyar matsin mai na cikin abubuwan da suka fi ɓuya a jikin mota. Ana iya wanke inji ya yi ƙal, a juya agogon kilomita baya, a zuba mai mai kauri da zai danne ƙarar metal na 'yan makonni.

Da yake mai saye ba ya ganin cikin inji, sai ya koma dogaro da sunan kamfani. Shi ya sa ake biyan ƙarin kuɗi a kan duk abin da ke ɗauke da tambarin Toyota, har da wadda ke yawo da tsohon tiyon roba, ake kuma karya farashin motocin Koriya baki ɗaya, har da waɗanda injinsu ba shi da alaƙa da Theta II. Kasuwa na yanke hukunci a kan suna, alhali raunin yana bin lambar inji ne da shekarar ƙira. Dokar kare haƙƙin masu saye da aka sa wa hannu a farkon 2019, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta tanadi haƙƙin samun kaya mai inganci, amma cinikin da aka ƙulla a bakin titi ba tare da rubutaccen sharaɗi ba yana da wuyar bi. Wanda injinsa ya buga yakan koma ya sayi wani tokunbon inji da garantin 'yan kwanaki, wato ya sake shiga cacar da ya fito daga cikinta. Idan direban haya ne mai biyan balas, ko wanda ya karɓi mota a kan biya sannu-sannu, kowace rana da motar ta kwana a gareji bashi ne ke hawa kansa.

Ba za a yi adalci ba idan aka ɗora komai a kan masana'antun ƙetare, domin akwai abin da ake ƙarawa a nan gida. Sashen matatar mai ta Kaduna da aka gina domin samar da tushen man juye ya shafe shekaru ba ya aiki, saboda haka da dala ake shigo da shi. Lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen Naira 460 har ta haura 1,500 a farkon 2024, farashin galan na man juye ya bi ta. Mai motar da cire tallafin fetur ya riga ya matse sai ya nemi sauƙi ta hanya biyu, kuma duk biyun inji ne ke biya: ya tsawaita lokacin juye, ko ya sayi man awo da ba a san asalinsa ba. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta sha sanar da kama jabun man juye, wanda wani lokaci tsohon mai ne da aka tace aka ɗura a sabuwar jarka. Jabun filta ma haka, takardar da ke cikinta kan ruɓe ta bi mai ta toshe hanya.

Akwai kuma al'adun gareji. Da yawa an yi imani cewa zafin ƙasar nan sai mai mai kauri, shi ya sa ake ɗura 20W-50 a injin da aka ƙera domin 5W-30 ko 5W-20, wanda hanyoyin mansa matsattsu ne. Gam ɗin da ake shafawa a maimakon gasket, idan ya yi yawa, yakan ɓalle ya faɗa kasko ya tsaya a kan rariya. Ramin hanya kan fasa kasko, ko ya lotsa shi har ya matse bakin bututu. Yaron gareji kan manta bai ɗaure kusar juye da kyau ba. Mafi muni shi ne abin da ake yi wa fitilar kanta: idan ta fara ƙyaftawa a lokacin da mota ke tsaye da zafi, maimakon a ɗaura agogo a auna matsin, sai a ce na'urar da ke kunna ta ce ta lalace, a cire wayarta. Wani lokaci gaskiya ne na'urar ce, amma babu mai iya sanin haka sai an auna.

Duk da haka mai saye a yau ya fi na shekarun 1990 makami. Kowace mota na da lamba mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake kira VIN, a ƙasan gilashin gaba. Tun 2014 hukumar NHTSA ta buɗe shafin intanet inda kowa zai shigar da wannan lamba kyauta ya ga ko akwai kiranyen da ba a yi wa motar ba cikin shekara 15 da suka wuce. Sai dai a kula, maganar laka da ta tiyo duk ba kiranye ba ne a hukumance, shirye-shirye ne na kamfani, saboda haka ba za su fito a nan ba. Waɗannan sai ido: a sa makaniki ya haska bututun ya ga ko ƙarfe ne zalla ko akwai roba a tsakiya, a buɗe murfin zuba mai a leƙa, in da hali a kwance murfin saman inji. A murza makulli ba tare da an tayar ba, a tabbatar jar fitilar ta kama, domin in ba ta kama ba to an taɓa ta. Sa'an nan a zagaya da motar har ta yi zafi sosai kafin a ɗaura agogon matsi, saboda mai mai sanyi yakan rufa wa mataccen inji asiri. Dillalin da ya ƙi yarda a yi wannan gwaji ya riga ya ba da amsa. In kuwa fitilar ta kama ana cikin tafiya, abin yi shi ne a sauka gefen hanya a kashe inji nan take. Kuɗin janwe, komai tsadarsa, bai kai na lallaɓawa zuwa gari na gaba ba.

A halin da ake ciki kuma wani sabon salo na tafe, wanda garejin ƙasar nan bai gama saninsa ba. Domin rage shan mai, wasu kamfanoni sun ƙera ƙananan injuna masu silinda uku inda bel na roba ke gudu a cikin man juye. Injin Ford mai lita 1.0 da ake kira EcoBoost ya lashe kambin injin shekara na duniya sau uku a jere, daga 2012 zuwa 2014, amma a watan Disamban 2023 kamfanin ya yi kiranyen motoci 139,730 a Amurka, Focus ƙirar 2016 zuwa 2018 da EcoSport ƙirar 2018 zuwa 2022 masu giya mai sarrafa kanta, saboda bel ɗin da ke juya famfon mai na iya zubar da haƙoransa, ko ƙarfen da ke ɗame shi ya karye. Idan haka ta faru matsin mai ya tafi nan take, birki ma ya yi tauri. Injin PureTech mai lita 1.2 na Peugeot da Citroën shi ma bel ɗinsa na tamin a cikin mai yake, kuma idan ya fara marmashewa ɓarɓashinsa ne ke toshe rariya. Kamfanin ya rage wa'adin sauya shi zuwa shekara shida ko kilomita 100,000, a 2024 kuma ya tsawaita garanti a Turai zuwa shekara goma, bayan ya koma amfani da sarƙa a sababbin ƙira.

Irin waɗannan injuna ba su jure kowane mai sai wanda aka ƙayyade musu, domin man da bai dace ba shi ke cinye robar. Makanikin da ya koyi aiki a kan 504 da Pencil an tarbiyyantar da shi a kan cewa mai da bel ba su ga maciji, kuma a mafi yawan garejoji har yanzu da ido ake zaɓen mai, a murza shi tsakanin yatsu a ji kaurinsa. Motocin farko da ke cikin jerin kiranyen Ford, wato ƙirar 2016 da 2017, sun kai shekarun da irinsu ke barin hannun masu su na asali su faɗa gwanjo, inda dillalan Nijeriya ke sayayya.